Yatsun da Lemuel Ya Karya

Shekara goma sha ɗaya ina tsuguna masa,
ba sulke, ba safar hannu, tafina tsirara.
Ku dubi hannun nan, kamar saiwar tsohuwar bishiya.
Wannan yatsa a Marietta ya karya shi, ranar Asabar.
Wannan kuwa a filin bayan masana'antar gilashi,
ana yayyafi,
'yan kallo ba su cika arba'in ba.

Lemuel Prather, ɗan mai haƙar kwal.
Da duwatsun bakin kogin Ohio ya koyi jifa,
yana kakkaɓo kwalabe daga kan shinge
har uwarsa ta rasa mazubin madara.
Lokacin besbol bai zama sana'a ba,
abin da 'yan zaman banza ke yi ne bayan an tashi daga coci.

Ƙwallonsa takan taho miƙe kamar mai gaskiya,
sai dab da sanda ta canza shawara.
Wani malamin lissafi ya ce rufa ido ne,
wai abu mai tafiya ba ya lanƙwasa a iska.
Lemuel bai yi musu ba, ya miƙa masa sanda.
Sau uku malam ya doki sarari,
ya ɗauki hularsa daga ƙasa ya tafi gida.

Mun kwana a benci a tashoshin jirgi.
Mun raba burodi ɗaya, mun raba kwarkwata.
Akwai garin da aka biya mu da kaji biyu,
akwai garin da aka raka mu da duwatsu.

Sannan ranar ta zo.
Zagaye na bakwai, rana ta karkata.
Na ji ƙarar daga inda nake tsugune,
ƙas, kamar an taka busasshen kara.
Ƙwallon ta faɗi tsakanina da shi tana gangare,
ba wanda ya sunkuya ya ɗauka.

Da hannu ya mutu, sai baki ya gaje shi.
Ya zama manaja, da kwat, da agogon sarƙa,
da ɗan littafi baƙi a aljihun ƙirji.
Ya ci ni tarar dala biyar don na makara,
ni, da na san kalar safarsa mai huda.

Ya jinginar da gonar matarsa Orpha ya sayi kulob ɗin.
Daga nan ya daina kallon wasa,
kawuna yake ƙirgawa a kan katako.
Ya sa aka toshe duk ramukan shinge
don kada yara su yi kallon kyauta,
sai guda ɗaya, can ƙasa, daidai idon ɗan shekara shida.
Ya ce kafinta ne ya manta.
Ni na ga lokacin da ya riƙe hannun kafintan.

Takardar sallamata ta gidan waya ta zo,
alhali gidajenmu biyu layi ɗaya suke.
Shekara ashirin ban gaishe shi ba.

Da ambaliya ta zo, kogin ya karɓi bashinsa,
ya kwashe rumfa, benci, allon maki,
ya bar kifi matacce a kan tudun jifa.

Bara, da kaka, ya tsaya a ƙofar lambuna.
Furfura a hargitse, don hannun ba ya kaiwa kai.
Bai ce yi haƙuri ba, bai iya wannan jifar ba.
Ya tsinci tuffa a ƙasa, ya goge a wando,
ya dube ni.

Gwiwoyina suka yi kuka, amma na tsuguna.
Ta taho a hankali, daga hannun hagu,
ba lanƙwasa, ba dabara.
Na cafe.
Ko zafi babu,
shi ya sa na yi hawaye.